Matan da aka kashe a Austin a 1885: me ya hana a kama wanda ya yi?

Maman Ikram ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri in fara da yadda abin ya same ni, domin kusan wata biyu ke nan ya tsaya mini a rai.

Shekararmu uku a Austin, babban birnin jihar Texas a Amurka, karatun maigida ne ya kawo mu. Kusa da gidan da muke haya akwai wata siririyar hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 165, da fitilu shida a ƙolinta. Wani yammaci muna dawowa, Ikram ta ɗaga kai ta ce, Umma, me ya sa fitilar titi za ta yi tsawo haka? Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa baƙar fata haifaffiyar garin, tana zaune a baranda ta ji mu. Ta ce kakarta ta gaya mata an kafa su ne saboda wani mutum da ya riƙa bin mata 'yan aiki cikin dare yana kashewa. Na ce an kama shi? Ta girgiza kai. Tun daga ranar nake bin labarin, duk abin da na samu sai na karanta.

A lokacin Austin gari ne da ke tasowa da ƙarfinsa. Ƙidayar 1870 ta samu mutum 4,428. Jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen 1871, kafin 1880 sun kai 11,013. An buɗe jami'a a 1883, ana kuma tsakiyar gina katafaren ginin majalisar jiha da jan dutse. Shekara 20 ke nan kacal da aka sanar wa bayin Texas cewa sun 'yantu, a watan Yunin 1865. Matansu da 'ya'yansu mata su ne masu girki da wanki a gidajen fararen fata, kuma ba a cikin gidan suke kwana ba. Ana yi musu 'yar bukkar katako a can bayan gida, ko ɗan ɗaki a jikin kicin.

A irin wannan ɗakin aka fara. Daren 30 ga Disamba 1884, wani saurayi mai suna Walter Spencer ya buga ƙofar masu gida jina-jina, kansa a fashe, ya ce an sare shi yana barci kuma bai ga Mollie ba. Da gari ya waye aka tsinci Mollie Smith, mai girkin gidan, 'yar shekara 25, a farfajiyar baya. An ja ta ne daga kan gado zuwa waje, an bar gatarin a ɗaki. Titin da abin ya faru sunansa Pecan a lokacin, yanzu shi ne titi na shida. Ina binsa a mota duk mako.

Farkon watan Mayun 1885 aka kashe Eliza Shelley, ita ma mai girki a gidan wani likita, 'ya'yanta ƙanana na cikin ɗakin. Bayan mako biyu sai Irene Cross, ita da wuƙa aka yi mata. Ranar 30 ga Agusta makashin ya shiga ɗakin Rebecca Ramey, ya buge ta ta suma, ya ɗauke 'yarta Mary, yarinya 'yar shekara 11. Uwar ta rayu, yarinyar ba ta rayu ba. Ikram shekararta 10. Ranar da na karanta wannan sai da na tashi tsakar dare na je na tsaya a ƙofar ɗakinta ina sauraren numfashinta. Ƙarshen Satumba ya kashe Gracie Vance da Orange Washington, mutumin da suke zaune tare, ya raunata wasu mata biyu da suka kwana a ɗakin. Mutum shida ke nan, dukkansu baƙar fata.

Sai daren jajiberin Kirsimeti na 1885. A dare ɗaya aka sari mata biyu fararen fata, matan aure, a gidaje daban-daban: Susan Hancock, wadda ta cika bayan 'yan kwanaki, da Eula Phillips mai shekara 17. Daga nan kisan ya tsaya.

Salon kusan iri ɗaya ne. Yana zuwa ana barci, ya sara a ka, sau da yawa da gatarin faskaren gidan, ya ja macen waje. Wasunsu an same su an soka musu wani abu mai tsini ta kunne. Ya sha barin sawun ƙafa babu takalmi.

Sunan da aka san shi da shi har yau, Servant Girl Annihilator, wato mai ƙarar da 'yan aiki, daga wata wasiƙa ya fito. Wani saurayi da ke zaune a garin, wanda daga baya ya yi suna a rubutu da laƙabin O. Henry, ya rubuta wa abokinsa a watan Mayun 1885 cewa garin ba armashi, in ba don masu ƙarar da 'yan aiki da ke ɗan motsa shi da dare ba. Kwana uku ko huɗu ke nan da mutuwar Eliza. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ga tambayata. Garin da bai kai mutum 20,000 ba, inda kusan kowa ya san kowa, ta yaya mutum zai kashe rai takwas cikin shekara guda ya sha? Gazawar zamani ce ko rashin damuwa? Na kuma ga ana cewa shi ne ya tsallaka Landan ya zama Jack the Ripper, makashin matan nan da ba a taɓa kamawa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki? Masu sani don Allah ku taimaka.

Sufeto Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekara 35 da kaki a jikina, bari in gaya miki yadda abin yake ta ɓangarenmu, ba don in wanke kowa ba.

Ki fara da abin da ke hannunsu. 'Yan sandan garin gaba ɗaya kamar mutum 12 ne, a raba su dare da rana, kuma yawancin aikinsu raba faɗan mashaya ne da kama dabbobin da suka ɓalle. Shugabansu, Grooms Lee, ɗan babban gida ne, ba gogaggen mai bincike ba. Zanen yatsa kuwa, sai a 1892 aka fara kama mai kisa da shi a duniya, a ƙasar Ajantina. Gwajin da ke bambanta jinin mutum da na dabba sai 1901. To kin kama mutum da jini a riga, ya ce miki kaza ya yanka, me za ki ce masa? Abin da suka dogara da shi karnuka ne masu bin sansana. Kare kuwa in ya iso bayan mutum ɗari sun tattake wurin, wa zai bi?

Wannan na tattake wuri na gan shi da idona. Wata shekara aka kira mu wani ƙauye, an kashe wata mata a ɗakinta. Kafin mu isa an share ɗakin tas, an zuba sabon yashi a kan jinin, an wanke tabarmar an shanya a kan danga tana ɗiga. Tsohuwar da ta yi aikin ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ba ta so 'ya'yan marigayiyar su gani ne. Tausayi ne ya sa ta, ban iya yi mata faɗa ba. Amma a cikin ruwan wankin nan shari'ar ta tafi.

Sai abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Ɗan sanda idan ya tarar da gawar mace, tambayoyinsa uku ne: wa ke aurenta, wa ke nemanta, da wa ta yi faɗa. Sau da yawa amsar na nan. Shi ya sa suka kama Walter Spencer da kansa a fashe, suka bi tsofaffin samarin matan ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da zai kashe wadda bai sani ba, ba don kuɗi ba, ba don gaba ba, ya huta wata biyu ya sake, wannan ko suna ba su da shi a lokacin. Sai wajen shekarun 1970 masu bincike a Amurka suka ba irin wannan kisa suna suka fara nazarinsa a matsayin abu guda.

Jaridun lokacin sun ce an kama mutum sama da 400. Duk inda kika ji kamen ya kai haka, to babu komai a hannu. An bar jaki ana dukan taiki ne, kuma taikin a nan samarin baƙar fata ne.

Barista H. ya amsa:

Hajiya Maman Ikram, Baba Sufeto ya yi bayanin fili, ni bari in taɓa na kotu.

Mutum uku aka gurfanar. Walter Spencer an wanke shi. Sauran biyun mazajen matan daren Kirsimeti ne. Ki duba abin da masu gabatar da ƙara suka nemi a yarda da shi: wai maza biyu da ba abin da ya haɗa su, kowa ya yanke shawarar kashe matarsa a dare ɗaya, da gatari, ya ja ta waje don a ce mai kashe 'yan aiki ne. James Phillips, mijin Eula, shi kansa an same shi a kan gado da mummunan sara a ka. Hujjarsu a kansa ita ce mashayi ne mai kishi, ita kuma an shaida tana zuwa wani gida a asirce tana haɗuwa da wasu maza. An yanko katakon daɓen da ke da sawun jini aka kawo kotu, aka sa shi ya taka don a gwada, ba a samu dacewar da za a rantse a kanta ba. Duk da haka a 1886 aka yanke masa shekara bakwai. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a cikin shekarar saboda raunin hujja. Moses Hancock kuma wata wasiƙa aka samu da matarsa ta rubuta tana kuka da shan giyarsa. Masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa haɗa baki, aka sallame shi.

Akwai wani abin takaici a gefe. Magajin gari ya ɗauko masu binciken laifi na haya daga birnin Houston, ba su tsinana komai ba. Daga baya aka aika Chicago neman shahararren kamfanin binciken laifi na Pinkerton, sai aka faɗa hannun wani kamfani daban mai irin sunan.

Maganar Jack the Ripper ki ajiye ta. Kisan da ya yi a unguwar Whitechapel ta Landan na 1888 ne, a kan titi, da yankan wuya. Na Austin a ɗakin barci ne da sara a ka. Abin da ya haɗa su kawai jaridu ne. Da aka yi ta raɗe-raɗin wani kuku ɗan Malay a Landan, sai wata jaridar Austin ta tuno cewa an yi wani kuku ɗan Malay mai suna Maurice a wani ƙaramin otel na garin, wanda ya bar gari a farkon 1886. Iyakar hujjar ke nan.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Nathan Elgin, baƙar fata, kuku, ɗan shekara 19, tashin garin. A watan Fabrairun 1886 ya fizgo wata yarinya daga mashaya a unguwar Masontown, ya ja ta wani gida yana dukanta. 'Yan sanda suka zo, ya yi turjiya, aka harbe shi, ya mutu washegari. Da aka duba gawarsa sai aka ga babu ƙaramin yatsa a ƙafarsa ta dama, kuma daga cikin sawun da aka gani a wuraren kisan akwai mai nuna rashin yatsa. Bayan mutuwarsa ba a sake irin kisan ba. Wani shirin talabijin na binciken tarihi a tashar PBS ya karkata gare shi a 2014. Biri ya yi kama da mutum, ban musa ba. Amma ni lauya ne: ba a tuhume shi yana raye ba, bai kare kansa ba, kuma a garin da ake kama baƙar fata ɗari-ɗari, matacce ne ya fi sauƙin ɗora wa laifi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Ɗan Houston ya amsa:

Anti, gyara ɗaya kan hasumiyoyin. Ba a kafa su ba sai shekara tara zuwa goma bayan kisan. A 1894 garin ya sayo guda 31 daga birnin Detroit, aka kunna su a 1895, bayan an gama madatsar ruwa a kogin Colorado da za ta ba su lantarki. Garuruwa da yawa a Amurka sun yi irinsu a lokacin don sun fi arha a kan jera fitilu titi-titi. Kusan rabinsu ne suka rage, kuma Austin kaɗai ke da su yanzu. Labarin kakar maƙwabciyarki kusan kowa a garin haka ya ji shi.

Uwar Biyu ta amsa:

Ban taɓa jin sunan garin nan ba sai yau, amma ɗakin da kika kwatanta na san shi, don na kwana a cikinsa shekara huɗu.

Ina da shekara 12 aka kawo ni birni aikatau daga ƙauyenmu. Masu gidan ba mugaye ba ne, ina ci ina ƙoshi, ana yi mini ɗinkin sallah. Amma ɗakina yana can baya, tsakanin kicin da katanga, inda ake ajiye buhunan gawayi. Ƙofar langa-langa ce, sakatar ta karye tun kafin in zo. Na faɗa sau biyu aka ce za a kira kafinta. Kullum da dare turmi nake mirginowa in tokare ta, in ɗora tukunya a kai don in an turo in ji ƙara. Cikin gida kuwa ƙofar ƙarfe ce da kwaɗo biyu, ana kullewa ƙarfe goma, ni ina waje. Wani dare na ji ana taɓa ƙofar a hankali, tukunyar tana rawa a kan turmin. Na toshe bakina da zani, na kasa ko ihu, don na san ko na yi ba mai ji ta cikin ƙofar ƙarfen nan. Har yau ban san ko mutum ne ko akuya ba. Da safe na faɗa, aka ce mafarki na yi.

Don haka Baba Sufeto, da girmanka, ban yarda rashin kayan aiki ne kaɗai ba. Gyaran sakata ba ya buƙatar gwajin jini. Shigo da yarinya cikin gida ta kwana ba ya buƙatar zanen yatsa. Wanda ya yi kisan nan ya san inda ake ajiye matan da babu mai jin ihunsu, shi ya sa ya fara da su. Wata tara ana ɗaukar gawarsu ɗaya bayan ɗaya. Da a ce 'yar magajin gari aka fara da ita, Baba, kai ma ka san Mary ba za ta kai Agusta a wannan ɗakin ba.

Sufeto Mai Ritaya ya amsa:

'Yata Uwar Biyu, ba ni da ja. Ranar Kirsimetin ce manyan garin suka yi gangami, aka tara kuɗin tukuici, aka ƙara 'yan sanda, aka sa mashaya su rufe ƙarfe 12 na dare, mutane suka fara sintiri da bindigogi. Duk abin da aka yi a mako guda ana iya yinsa tun watan Mayu. Ihu bayan hari ne. A aikina ma na gani, fayil ɗin da ke da mai zuwa kullum yana tambaya shi ke motsi. Akwai na wata yarinya mai talla da ya kwana a durowata har aka yi mini canjin wurin aiki, ba wanda ya taɓa zuwa tambaya, ni ma ban matsa ba. Ina neman gafarar Allah a kansa har gobe.

Maman Ikram ta rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yaya Uwar Biyu, na karanta naki sau uku. Abin da kika yi da turmi su ma sun yi. Bayan kisan watan Mayu matan sun riƙa tokare ƙofofi da kujeru da akwatuna, wasu suka roƙi a bar su su shimfiɗa a ƙasan kicin ɗin masu gida, wasu suka ajiye aikin suka bar garin. A kan tambayata ta farko yanzu na fi karkata ga maganarki. Na yarda da Baba cewa kama shi zai yi wuya a zamanin, amma hana shi samun na uku da na huɗu bai kai haka wuya ba.

Ranar Asabar na sa maigida ya kai ni maƙabartar Oakwood, tsohuwar maƙabartar garin, a gefen gabas. Ɓangaren manyan gari cike yake da duwatsun marmara masu sunaye da shekaru, wasu sun fi ni tsawo. Sai muka gangara ɓangaren da aka ware wa baƙar fata a wancan zamani. Fili ne na ciyawa da 'yan bishiyoyi, dutse ɗaya nan, ɗaya can, alhali a ƙarƙashinsa mutane ne jere. Na yi ta bin 'yan duwatsun da ke akwai ina karantawa ko zan ga Mollie ko Mary. Ban gani ba. Maigida ya tsaya daga nesa riƙe da hannun Ikram, bai ce in yi sauri ba.

Da muka dawo na je wurin maƙwabciyata na gaya mata abin da Ɗan Houston ya ce game da fitilun. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai kakarta ba ta taɓa yarda ta kwana a ɗakin da taga ke buɗe ba har ta mutu, ko a tsakiyar zafin Agusta. Ta ce ta san labarin tun tana yarinya amma ba wanda ya taɓa gaya mata sunayensu. Ta shiga ciki ta ɗauko biro da bayan wata ambulan, ta ce in rubuta mata su takwas ɗin da manyan baƙi, idonta ba ya ganin ƙanana, za ta kai cocinsu ranar Lahadi a karanta. Na rubuta, na miƙa mata. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan Mary Ramey ta ce in ƙara mata shekarun a gefe.